Yaya Ake Nazarin Rawa Ba Tare da Ta Koma Nazarin Waƙa Ba?

Ɗalibar Digiri na Biyu:
Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwa. Ina shirya kundin digiri na biyu a kan raye-rayen mata a wasu garuruwan ƙasar Katsina, musamman gaɗar 'yan mata da rawar da matan aure ke yi idan ana kiɗan ƙwarya, kuma yanzu na iso babin hanyoyin gudanar da bincike. Damuwata ita ce duk horon da muka samu tun daga digiri na farko horo ne na nazarin magana. Mun iya fitar da turken waƙa, wato babban saƙonta, da tubalan gininsa, mun iya bin salo da zubi da tsari, amma ba a taɓa zaunar da mu an nuna mana yadda mutum zai kalli jiki yana motsi ya rubuta abin da ya gani ta yadda wani zai karanta ya fahimta ba. An ba ni shawarar in raba takardun tambayoyi ga jama'a in fitar da alƙaluma, sai dai zuciyata ba ta kwanta da hakan ba, domin ban ga yadda amsar "e" ko "a'a" za ta bayyana mini abin da ƙafa da kafaɗa ke yi ba. Ina roƙon waɗanda suka riga ni shiga wannan fage su nuna mini ta inda ake farawa.

Malamin Adabin Baka:
Wa alaikumus salam. 'Yata, kin yi tambaya a kan gaɓa, kuma matsalar ba taki ba ce ke kaɗai. Na karanta kundaye da dama masu ɗauke da kalmar rawa a kan bangonsu, amma da mutum ya shiga ciki sai ya tarar baitocin waƙa ne aka jera aka yi musu sharhi, rawar kuwa an sallame ta da jimla ɗaya, wai "sai mata su shiga fili su yi ta rawa". Dalilin haka a fili yake. Mazhabar nazarin waƙar baka da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa ta ba ɗalibanmu matakai bayyanannu da za su bi, shi ya sa kowa yake gudu zuwa ga waƙa, inda aka riga aka share hanya, ya bar rawa, inda sai ya share da kansa.

Shawarata ita ce ki ajiye takardun tambayoyi a gefe. Suna da amfani idan ana son a auna ra'ayin jama'a game da rawa, amma ba su da abin cewa game da rawar kanta. Abin da ya dace da ke shi ne zama cikin masu abin na tsawon lokaci, kina gani, kina tambaya, kina rubutawa a ranar da kika gani tun kafin mantuwa ta shiga. Wannan hanya tsohuwa ce, tun zaman da masanin al'adu Malinowski ya yi a tsibiran Trobriand tsakanin 1915 da 1918 masu nazarin al'adu suka riƙe ta a matsayin ginshiƙi. Aikin farko da zan ɗora miki shi ne tattara kalmomin da su matan suke amfani da su. Me suke kiran wadda ta fita tsakiya? Me suke cewa idan wata ta iya, kuma me suke cewa idan ta ɓata? David Ames da Anthony King sun yi irin wannan aiki a fannin kiɗa, ɗaya a ƙasar Zazzau ɗaya a Katsina, suka fitar da ƙamus na kalmomin makaɗan Hausa a 1971, kuma har yau ana komawa gare shi ne saboda daga bakin makaɗa suka ɗauko kalmomin.

Malama Mai Koyar da Wasan Kwaikwayo:
Malam, Allah ya ƙara ilimi. Na yarda da batun zama cikin jama'a, amma ina ganin an tsallake abu mafi wuya. Idan ɗalibarmu ta zauna wata da watanni, ta cika littattafai da kalmomin mata, har yanzu ba ta rubuta motsi ba. Mai nazarin waƙa yana da haruffa, mai nazarin kiɗa yana da alamominsa, to mai nazarin rawa ma yana da nasa, kuma rashin koyar da su a sassanmu giɓi ne da ya kamata mu daina kawar da kai daga gare shi.

Tsarin da ya fi shahara shi ne wanda Rudolf Laban ya buga a 1928. Ana zana layuka uku a tsaye, ana karantawa daga ƙasa zuwa sama, layin tsakiya ya raba jiki gida biyu, dama da hagu. Siffar alama tana nuna inda gaɓa ta nufa, ko gaba ko baya ko gefe, yadda aka cike cikinta yana nuna ko motsin a sama yake ko a tsakiya ko a ƙasa, tsawonta kuma yana nuna lokacin da motsin ya ɗauka. Ta hanyar alama guda an amsa tambaya huɗu: wace gaɓa, ina ta nufa, a wane mataki, har tsawon wane lokaci. Akwai kuma tsarin Benesh na 1955, wanda aka fi amfani da shi a rawar bale ta Turai. Kada a ce wannan kayan Turawa ne da ba su shafe mu ba, domin a Jami'ar Ghana da ke Legon, inda Kwabena Nketia da Mawere Opoku suka kafa ƙungiyar rawa ta ƙasa a 1962, an daɗe ana koya wa ɗaliban rawa tsarin Laban, suna rubuta raye-rayen ƙasarsu da shi.

Malamin Adabin Baka:
Malama, ban musanta darajar tsarin Laban ba, amma ina tambayar wa zai karanta. Ɗaliba ce da ke da shekara ɗaya ko biyu a gabanta, ƙwarewa a wannan rubutu kuwa aiki ne na shekaru, kuma idan ta kammala, masu duba kundin nata ba za su iya tantance ko ta rubuta daidai ko ta yi kuskure ba. Rubutun da babu mai iya bincikarsa ba hujja ba ne a gaban kwamiti, ado ne kawai a ƙarshen kundi. Abu na biyu, tsarin ya fi jin daɗin rawar da aka riga aka tsara, wadda ake maimaitawa iri ɗaya. Gaɗa ba haka take ba. Yarinya za ta fita daga da'ira, ta taka, ta juya baya ta faɗo hannun ƙawayenta su cafe ta su ɗaga, wadda za ta biyo bayanta kuma ta ƙara nata salon don ta fi ta. Wanne daga ciki za a rubuta a ce shi ne gaɗa?

Malama Mai Koyar da Wasan Kwaikwayo:
Malam, wannan tambayar taka ta ƙarshe ita ce ainihin binciken, kuma ba za a amsa ta ba sai an rubuta fitowar yarinya ta farko da ta biyu da ta goma an jera su, a ga abin da ke canzawa da abin da ba ya canzawa. Abin da ba ya canzawa shi ne ƙashin bayan rawar. Idan Laban ya yi nauyi, akwai hanyar da ta fi kusa da abin da ɗalibanmu suka sani. Adrienne Kaeppler, wadda ta yi nazarin raye-rayen tsibirin Tonga, ta ari dabarar masana harshe: kamar yadda ake gano ƙwayoyin sauti ta hanyar tambayar mai harshe ko furuci biyu ɗaya ne ko daban, haka ta riƙa yin motsi a gaban masu rawar tana tambayarsu ko wannan da wancan ɗaya ne a wurinsu. Da haka ta gano ƙananan motsin da su suke ɗauka a matsayin masu bambanci, sannan ta bi yadda ake harhaɗa su su zama babbar gaɓa ta rawa. Ɗalibar da ta yi darasin tsarin sauti ba za ta sha wahalar fahimtar wannan ba. Sharaɗina guda ne, ko da wane tsari za ta yi aiki, dole ya zama tsayayye daga farkon kundi zuwa ƙarshe, a bayyana shi a babi na uku, kada a bar mu da "ta girgiza" da "ta karkaɗa" ba tare da mun san bambancinsu ba.

Jikan Makaɗa:
Malamai, ku yi mini afuwa in sa baki, ni ba malamin jami'a ba ne, amma a gidan kalangu na tashi. Abin da na ga yana faruwa da masu zuwa bincike shi ne suna kafa na'ura a kan mai rawa su juya wa makaɗi baya, alhali rawar tsakanin mutum biyu take. Makaɗi yana kallon ƙafar mai rawa, idan ya ga ta gaji ya sassauta, idan ya ga tana da sauran ƙarfi ya tsananta, idan kuma wadda ya sani ce ya saka mata takenta ko na gidansu, sai ka ga rawar ta canza nan take. Wanda bai san an sauya take ba zai rubuta cewa ta canza salo don ra'ayin kanta, kuma ya yi kuskure ke nan tun daga tushe.

Sannan kowane kiɗa da mutanensa. Kalangu an san shi da mahauta da 'yan dambe da dandalin 'yan mata, dundufa ta maƙera ce, gangar noma ta manoma ce, garaya ta maharba ce da 'yan bori. Jikin da ya saba da sana'a yana shigo da ita cikin rawa, shi ya sa 'yan hoto, masu wasa da kayan noma, suke cilla garma sama su cafe. Ƙanwata, tunda kiɗan ƙwarya za ki bi, ki zauna da masu kiɗan kafin masu rawar. Ki tambaye su yadda suke jera ƙoren, wacce ake kifawa a kan ruwa, wacce ke riƙe da kiɗan, wacce ke yin magana a kansa, da kuma yadda suke gane cewa lokacin sauyawa ya yi. Ki saurari faifan marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, kina sa kunne ga ƙoren kawai ba ga muryarta ba, za ki ji inda ake kiran mata su taso.

Ɗan Maraɗi:
Ina gaida malamai. Zan ƙara a kan maganar ɗan'uwana Jikan Makaɗa da wata dabara da aka daɗe da sani a nan Nijar. Jean Rouch, Bafaranshen da ya shafe shekaru yana ɗaukar bukukuwan Zabarmawa da Sonrai a fim, wanda ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004, ya kasance yana mayar da abin da ya ɗauka ga mutanen da ya ɗauka, su kalla, su yi gardama, su gyara masa fahimta. Ruth Stone ma ta yi amfani da irin wannan a wurin mutanen Kpelle na Laberiya. A ganina wannan ita ce hira mafi albarka ga mai nazarin rawa. Idan kika tambayi tsohuwa yadda ake gaɗa, za ta ce ai kowa ya sani. Idan kuwa kika nuna mata hoton bidiyon jikarta, nan take za ta ce wannan ta yi gaggawar faɗuwa, waccan ba ta jira tafi ba, a zamaninmu ba a ɗaga hannu haka. Ma'aunin kyau da muni da kike nema zai fito da kansa, da kalmominsu.

Ga mai son tsofaffin faifai, a Yamai akwai cibiyar bincike ta IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni, da cibiyar CELHTO mai tattara tarihin baka, kuma bai kamata iyaka ta hana ɗalibin Katsina duba abin da aka tattara a Maraɗi ba, tunda tarihin garuruwan biyu a haɗe yake.

Ma'aikacin Taskar Tarihi:
Tunda an taɓo taskoki, bari in ja hankali a kan karatun tsofaffin takardu. A Kaduna akwai Gidan Arewa, wanda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, da reshen taskar tarihi ta ƙasa, inda rahotannin jami'an mulkin mallaka suke. Za a sami ambaton kiɗa da rawa a cikinsu, amma galibi a wurin da ake maganar haraji ko hani ko rigima, don haka sai an karanta da sanin cewa marubucin ba rawar ce ta dame shi ba. Haka rubuce-rubucen malaman jihadi na ƙarni na 19 da suka soki bori da cuɗanyar maza da mata a wuraren kiɗa, suna tabbatar mana da cewa abin yana nan a lokacin, amma ba su zo don su siffanta mana taku ba. Wani misali da nake yawan ba ɗalibai shi ne na Tremearne, wanda littafinsa a kan bori ya fito a 1914. Mafi yawan abin da ke ciki ya tattara shi ne daga Hausawan da ke zaune a Tunis da Tarabulus, amma sai ka ga ɗalibi ya ɗauko bayaninsa ya ɗora wa Kano ko Katsina kai tsaye. A duba inda marubuci ya tsaya da wanda ya gaya masa kafin a kafa hujja da shi.

Haka nan a bambance rawar gida da rawar dandamali. Koroso da ake gani a bukukuwan gwamnati rawa ce da aka tsara domin 'yan kallo, da jeri da tufafi iri ɗaya da ƙayyadadden lokaci. Nazarinta halal ne kuma yana da amfani, amma ba za ta tsaya a madadin abin da ake yi a tsakar gida ranar biki ba.

Hajiya Mai Ɗaukar Bidiyo:
Ni sana'ata ɗaukar bukukuwan mata ce, don haka zan yi magana a kan na'ura da kuma amana. 'Yata, ki kafa na'ura ɗaya a kan ƙafafunta daga nesa, ta ɗauki fili gaba ɗaya tun daga masu kiɗa har masu tafi, kada ki taɓa ta, kada ki riƙa jawo hoto kusa. Kuskuren masu koyo shi ne bin fuska, alhali ke ƙafa kike nema, kuma zane yana rufe gwiwa, saboda haka duk abin da za ki sani game da taku daga idon sawu da ƙugu za ki karanto shi. Idan kina da waya ta biyu, ki ba wata ta riƙe ta kusa da ƙasa. Ki fara ɗauka kafin a fara kiɗa, ki tafa hannu sau ɗaya a gaban na'urorin biyu don ki iya daidaita su daga baya, kuma ki kwafe komai a wuri biyu a daren.

Amana kuwa ta fi na'ura muhimmanci. Matan aure suna rawa a cikin gida ne saboda sun san babu namiji a wurin. Da zarar hoton ya fita, ya shiga Facebook ko TikTok, aure na iya mutuwa a kansa, kuma ba labari nake ba ku ba, abu ne da duk mai irin sana'ata ta sani. Izinin uwar biki bai wadatar ba, kowace mace da ta shiga hoton tana da haƙƙi. Ki gaya musu ƙarara su wa za su kalla, har da cewa a cikin masu duba kundin akwai maza. Wadda ta ce a'a, a'a ɗin ta zauna. 'Yan matan gaɗa kuma yara ne, sai da yardar iyayensu.

Malama Mai Koyar da Wasan Kwaikwayo:
Hajiya ta kawo hujjar da ta fi tawa ƙarfi a kan rubuta motsi. Idan bidiyon ba zai iya fita daga hannun mai bincike ba, to rubutu da zane su ne kaɗai abin da zai isa ga mai karatu. Akwai manhajar ELAN, wadda cibiyar Max Planck da ke Nijmegen ta samar, kyauta ce, kuma masu nazarin harshe sun san ta. Ana ɗora bidiyo a buɗe layuka a ƙarƙashinsa, layin waƙa, layin kiɗa, layin tafi, layin ƙafa, layin kafaɗa, kowanne a daidai daƙiƙarsa. A nan ne za a ga abin da Jikan Makaɗa ya faɗa da ido, wato ko kiɗa ne ya riga sauyawa ko ƙafa.

Ɗalibar Digiri na Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na fahimci cewa zan haɗa zama da kallo, da hirar da ake yi a kan bidiyo, da tsarin rubutu guda wanda zan bayyana. Saura tambaya ɗaya da ke yi mini nauyi. Shin wajibi ne ni ma in shiga in taka? Ni matar aure ce, kuma a wasu garuruwan da zan je akwai dangin maigidana.

Malamin Adabin Baka:
Ba wajibi ba ne, 'yata. Masu nazarin bori nawa ne suka yi rubutu mai daraja ba tare da an yi musu girka ba? Mutuncinki a garin shi ne jarin bincikenki, idan ya taɓu ƙofofi za su rufe.

Malama Mai Koyar da Wasan Kwaikwayo:
A nan ma na saɓa wa Malam, ko da yake ba gaba ɗaya ba. Bori addini ne da imani, gaɗa kuwa wasa ne da kusan kowace 'yar Bahaushiya ta yi a dandali, don haka kwatancin bai zauna ba. Tun a 1960 masanin kiɗa Mantle Hood ya ce mai nazarin kiɗan wasu mutane ya koyi kaɗa shi, kuma hujjarsa ta fi ƙarfi a kan rawa, domin akwai abin da ido ba ya gani, kamar ƙafar da nauyin jiki yake a kanta, da lokacin da ake sakin jiki kafin a faɗa hannun ƙawaye. Ba sai a taron biki ba. Ki sami tsohuwa guda ta koya miki a ɗaka, ku biyu ko ku uku, ki bar ta ta yi miki dariya ta gyara miki. Duk gyaran da ta yi ki rubuta shi da kalmominta, domin shi ne dokar rawar da ba za ta taɓa faɗa miki a hira ba.

Jikan Makaɗa:
Malama ta yi gaskiya a kan koyo a ɗaka, haka mu ma ake koya mana kiɗa kafin a fita da mu fili. Ƙanwata, abu biyu da ba a ambata ba. Na farko, ki sa kuɗin masu kiɗa a cikin kasafinki tun yanzu, domin kiɗa sana'arsu ce, kuma ranar da suka zauna suna amsa miki tambaya ranar neman abincinsu ce kika ɗauka. Ki yi liƙi a fili kamar kowa, sannan ki sallame su daban a kan hira, amma kada ki biya a shirya miki biki na musamman, don abin da za a yi miki ba shi ake yi idan ba kya nan ba. Na biyu, ki tsara tafiyarki da kalandar garin, ba ta makaranta ba. Da damina mutane suna gona, bukukuwa sun fi yawa bayan an kawar da amfanin gona da kuma makonnin da ke gaban azumi, gaɗa kuma ta fi armashi a daren farin wata. Ki nemi shugaban sashenku ya ba ki takardar gabatarwa da wuri, ki fara kai ta gidan mai gari, daga nan a haɗa ki da matar da za ta shigar da ke gidaje.